Harriet Tubman: Baiwar da ta koma ɗebo 'yan'uwanta

Mutumin Batsari ko Safana ba ya bukatar a yi masa bayanin raɗaɗin a kama ɗan Adam a sa masa farashi. Iyalai nawa suka sayar da gona da shanu don fanso nasu daga dajin Rugu? Shi ya sa nake ganin tarihin Harriet Tubman ya cancanci a karanta shi a nan da idon basira.

An haife ta cikin bauta a jihar Maryland ta Amurka wajen 1822. Ta tsere a 1849, sai dai ba ta zauna cin moriyar 'yancinta ba. Sau kusan 13 tana komawa cikin dare, ta fito da mutum kimanin 70, har da iyayenta tsofaffi, alhali an yi dokar kamo bayin da suka gudu tun 1850.

Babban aikinta ya zo ne a Yaƙin Basasar Amurka. Ta yi jinyar sojojin Arewacin Amurka a jihar South Carolina, sannan ta haɗa 'yan leƙen asiri daga cikin baƙaƙen fata masu tuƙin kwalekwale, waɗanda suka san kowane lungu na Kogin Combahee da inda abokan gaba suka dasa nakiyoyi. Wayewar garin 2 ga Yuni, 1863, ta shiga kogin tare da Kanar James Montgomery da sojoji baƙaƙen fata wajen 150. Aka ƙone gandayen shinkafa, bayi fiye da 700 suka ruga zuwa jiragen ruwan sojojin, mata da goyo, wasu da tukwane a ka. Matar da ba ta iya karatu ba ce ta tattara bayanan da aka yi wannan nasara da su, domin talakawan wurin sun amince da ita. Wannan amanar ce jami'an tsaro ke nema a ƙauyukanmu yau.

Gwamnatin da ta yi wa hidima kuwa ba ta kyauta mata ba. Ta shekara fiye da 30 tana neman haƙƙinta, sai a 1899 aka kai fanshonta dala 20 a wata. Ta rasu a 1913 a garin Auburn, a gidan tsofaffin da ita ta kafa. A 2016 aka yi alkawarin sa hotonta a takardar dala 20, a 2024 kuma jihar Maryland ta ba ta muƙamin Birgediya Janar na girmamawa, shekara 111 bayan rasuwarta.