Haruffa Kaurara Karkatattu da Matsalar Lanƙwasa a Kanun Labaran Hausa

Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu duba irin haruffan nan masu kauri da karkata, waɗanda maɗaba'u ke amfani da su wajen buga kanun labarai da tambarin kamfanoni, sa'an nan mu nuna yadda suka shafi rubutun Hausa.

Asalinsu

Kauri da karkata ba tare aka haife su ba. Karkatattun haruffa sun fara bayyana ne a birnin Benis na ƙasar Italiya a shekarar 1501, sa'ad da Francesco Griffo ya sassaƙa wa maɗaba'ar Aldus Manutius haruffa masu kama da rubutun hannu, domin buga ƙananan littattafai. Kauri kuwa sai a farkon ƙarni na 19 ya bunƙasa a Landan, inda irin su Robert Thorne suka ƙera manyan haruffa don takardun talla da ake mannawa a bango. Da aka gama siffofin biyu, sai aka sami harafin da kaurinsa ke kama ido daga nesa, karkatarsa kuma ta ba shi kamar yana tafiya da sauri. Alal misali, haruffan Futura da Paul Renner ya fito da su a Jamus a 1927, nau'insu mai kauri da karkata shi ne a tambarin kamfanin tufafi na Supreme, fari a kan ja.

Inda Matsala Take

To, a nan ne fa Hausa ta shigo. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, 'yar ƙugiyar nan da ke samansu ita kaɗai ta raba su da b da d da k. Idan aka ƙara wa harafi kauri, sararin da ke cikin ƙugiyar yakan cushe. Idan kuma aka karkata shi, ƙugiyar ta kusanci harafin da ke biye. Bugu da ƙari, yawancin haruffan ado an zana su ne don harsunan Turai, babu masu lanƙwasa a cikinsu. Saboda haka kwamfuta takan aro harafin daga wani jeri daban, ya fito siriri, tsaye ƙyam a tsakiyar kalma, ko kuwa mai tsara shafi ya watsar da lanƙwasar baki ɗaya.

Wannan ba ƙaramin lahani ba ne, domin kanu ba shi da dogon bayani da zai warware shubuha. Mai karatu da ya ga "An Yi Fada a Fada" sai ya dakata kafin ya gane faɗa ake nufi a fadar sarki. Haka kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Yaran makaranta kuwa abin da suka gani da manyan baƙaƙe shi suke ɗauka daidai.

Kammalawa

Muna ganin ya kamata editoci su gwada kowane jerin haruffa da kalmomi masu lanƙwasa, manya da ƙanana, kafin su zaɓe shi. Ya kuma kyautu kwalejojinmu su koya wa ɗaliban zane yadda ake buɗe ƙugiya ta zauna daram a harafi mai kauri. Ado da ya ɓata ma'ana bai cika ado ba.