Takalmin Mai Raba Wasiƙu: Ado Ne Ko Kayan Aiki?

Daga cikin ma'aikatan da hukumomi suke tufatarwa, in an ɗebe soja da ɗan sanda, da wuya a sami wanda tufarsa ta daɗe a idon jama'a kamar ma'aikacin gidan waya, domin kuwa tun a shekarar 1793 aka fara ɗinka wa masu raba wasiƙu na birnin Landan jan kwat mai maɓallan tagulla, a Amurka kuma majalisar ƙasa ta ba da iznin yi musu tufafi iri ɗaya a 1868. Amma wanda ya bi asalin al'amarin zai tarar ba tausayin ma'aikaci ne ya haifi wannan tsari ba: manufa ita ce mai gida ya shaida manzon hukuma in ya ƙwanƙwasa ƙofa, shugaba kuma ya hango yaronsa daga nesa in ya tsaya sharholiya a hanya. Wato tun farko maslahar mai ɗaukar aiki aka duba, batun lafiyar wanda zai sa kayan kuwa daga baya ya shigo, har yanzu kuma bai gama samun gurbinsa ba.

Shi aikin raba wasiƙu, a Birtaniya da manyan biranen Amurka, galibinsa tafiyar ƙasa ce. Kamfanin Royal Mail na Birtaniya yana kai saƙo ga adireshi kimanin miliyan 32, kuma kowanne daga cikinsu sai ƙafar wani bawan Allah ta taka har bakin ƙofarsa, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, da jaka a kafaɗa wadda ƙa'ida ta yarda nauyinta ya kai kilo 16, ko da amalanken turawa. Ita tafiyar a kan kanta ba musiba ba ce, ni'ima ce. Tun a 1953 likita Jeremy Morris ya nuna cewa masu raba wasiƙu sun fi takwarorinsu na ofis, masu wuni a zaune, kuɓuta daga ciwon zuciya. A 2017 kuma wani bincike a kan ma'aikatan gidan waya 111 na birnin Glasgow ya tarar cewa waɗanda suke yin taku fiye da 15,000 a yini su ne suka fi nisa da alamomin da suke gabatar wannan ciwo. Sai dai duk wannan alheri ta tafin ƙafa yake bi, in kuwa abin da ke tsakanin ƙafar da ƙasa ya ɓaci, to, abin da ya kamata ya zama magani shi ne zai koma cuta.

Malamai biyu na Jami'ar Loughborough, Tim Bentley da Roger Haslam, sun zauna sun yi nazarin faɗuwa 1,734 da ta sami masu raba wasiƙu na Royal Mail, suka buga sakamakon a 1998. Kaso mafi girma na waɗannan haɗura zamewa ce, ba tuntuɓe ba, kuma ƙanƙara da jiƙaƙƙiyar ƙasa su ne kan gaba cikin dalilai. Da suka bi diddigin wasu daga cikin waɗanda suka faɗi kuwa, sai suka riƙa cin karo da abubuwa biyu, gaggawar gama aiki da takalmin da ƙasansa ya cinye. Wannan na biyun shi ne ya cancanci a tsaya a kansa, saboda ruwan sama da ƙanƙara ba su hannun kowa sai Mahalicci, amma takalmi wani mutum ne ya zaɓe shi, ya sa hannu a takarda, aka biya kuɗinsa.

Ga yadda zamewa take aukuwa. Yayin da mutum yake tafiya, dunduniyarsa ce take fara sauka, kuma ba a miƙe take sauka ba, tana sauka ne tana tura ƙasa zuwa gaba. Abin da yake hana ta wucewa shi ne cizon da ke tsakanin roba da daɓe, wanda masana suke aunawa da lamba, su ce gwargwadon girmanta gwargwadon amincin taku. A busasshiyar ƙasa kusan kowane takalmi yana da isasshen cizo. Amma da zarar ruwa ko mai ko ruɓaɓɓen ganye ya shiga tsakani, sai ya zama wani siririn shimfiɗi da yake raba robar da ƙasa, kuma ɗan lokacin da dunduniya take da shi na ture wannan ruwa ta isa ga daɓe bai kai ƙiftawar ido ba. Tsagogin nan da ake yi a ƙasan takalmi, waɗanda jahili yake ɗauka ado ne, su ne magudanan da ruwan yake bi ya fice, gefunansu masu kaifi kuma su ne suke yanka shi. In suka shafe, takalmin ya zama kamar tayar da ta yi sanƙo a kan kwalta ranar ruwa, ko da kuwa samansa yana ƙyalli. Sa'an nan ita kanta robar tana da hali: mai taushi ta fi kama ƙasa amma ta fi saurin cinyewa, mai tauri ta fi daɗewa amma ta fi santsi, sanyi mai tsanani kuma yana ƙara sandarar da ita a daidai lokacin da aka fi bukatar taushinta. A nan ne maslahar ma'aji da ta ma'aikaci suke rabuwa, domin wanda yake lissafin kuɗi yana son takalmin da zai shekara, wanda yake taka ƙanƙara kuwa yana son wanda zai riƙe shi yau.

Kada mai karatu ya zaci babu mizani. Akwai ƙa'idar EN ISO 20345 ta takalmin kariya, wadda ta shardanta hular ƙarfe ko makamancinta a kan yatsu, da EN ISO 20347 ta takalmin aiki marar hula, kuma dukansu suna da gwajin santsi. Illa dai cin wannan gwaji mafi ƙarancin daraja ne, takalma biyu suna iya haye shi alhali tsakaninsu akwai tazara mai nisa. Saboda haka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ƙirƙiro wani tsari da ta kira GRIP, inda ake sa mutum ya yi tafiya da takalmin a kan jiƙaƙƙen dandamali, ana ƙara karkata shi sannu a hankali har ya zame, sa'an nan a ba takalmin tauraro ɗaya zuwa biyar. An jarraba amfanin wannan a kan ma'aikatan asibiti 4,553 a Ingila, aka raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba kashi ɗaya takalmi mai tauraro biyar, ɗayan aka bar su da nasu. Da aka buga sakamakon a 2021 sai aka ga zamewa ta ragu da kashi 37 cikin ɗari a wajen waɗanda aka ba takalmin. Gaskiya ne daɓen asibiti daban, titin unguwa daban, amma hujjar ta tsaya a kan cewa zaɓen takalmi ba lamari ne na ra'ayi ba, abu ne da ake aunawa a san gaskiyarsa.

Akwai kuma kuskuren da yake kama da taka tsantsan, wato a ɗauka duk takalmi mai nauyi da hular ƙarfe shi ne mafi aminci. Ga wanda yake aiki a ɗakin tantance wasiƙu, tsakanin kejin ƙarfe masu tayoyi da manyan ƙunshe-ƙunshe, lalle haka ne. Ga mai wuni yana tafiya kuwa, nauyin da aka ɗora wa ƙafa ya fi gajiyarwa nesa ba kusa ba bisa ga irinsa da aka ɗora wa baya, ga matsewar yatsu, ga bororo da kanta da suke biyo bayan gumi da guga. Soson da ke cikin takalmi, mai shanye dukan ƙasa, yakan mutu tun fatar sama tana nan garau, daga nan sai ciwon dunduniya da na gwiwa su sallama. Ƙafafu kuma ba ɗaya ba ne, akwai mai faɗi, akwai mai shimfiɗaɗɗen tafi, ƙafar mace kuma ba ta namiji ce da aka rage ba, tana da sigarta.

Wajen samar da takalmi, Birtaniya da Amurka sun bi hanyoyi mabambanta, kowace da aibinta. A Birtaniya kamfani ne yake sayowa ya raba, ma'aikaci bai biya ko kwabo, amma zaɓinsa bai wuce abin da ɗan kwangila ya kawo ba, in kuwa an yi kuskure a kwangila ɗaya, dubban ƙafafu ne za su ɗanɗana. A Amurka ana ba mai raba wasiƙu na birni kuɗin tufafi ne, wanda a 2022 ya kai kimanin dala 500 a shekara, ya saya wajen dillalan da hukuma ta ba lasisi, da sharaɗin takalmin ya zama baƙi, yana ɗauke da ɗan koren tambari mai rubutun SR/USA, shaidar cewa ya ci gwajin santsi kuma a Amurka aka yi shi. Wannan ya ba shi 'yancin zaɓe, sai dai daga wannan kuɗin ne zai fitar da riga da wando da rigar ruwa da ta sanyi, kuma in ya ƙare kafin shekara ta zagayo, ko dai ya taɓa aljihunsa ko ya ci gaba da taka shafaffen takalmi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sabon ma'aikaci na wucin gadi ba ya cancantar kuɗin sai ya cika kwana 90 na aiki ko kwana 120 da ɗauka, wato wanda ya fi kowa rashin sanin hanya shi ne aka bari da takalminsa na gida.

Shari'a ma ta yi magana. Dokar Birtaniya ta 1974 ta haramta wa mai ɗaukar aiki ya karɓi kuɗin kayan kariyar da doka ta wajabta, ƙa'idojin 1992 kuma suka ɗora masa wajibin samar da kayan da suka dace da haɗarin da kuma jikin mai sa su. A watan Disamba na 2010 wata mata mai kula da tsofaffi a gidajensu a Glasgow ta zame a kan ƙanƙara, a hanyarta ta zuwa gidan wata marar lafiya, ta ji rauni a wuyan hannu. Kamfaninta ya kafa hujja da cewa ai ya gargaɗi ma'aikata su sa takalmin da ya dace, amma Kotun Ƙoli a 2016 ta hukunta cewa nasiha ba ta sauke wajibi, tun da akwai 'yan ƙarafan da ake ɗaura wa ƙasan takalmi, masu araha, ba a kuwa ba ta ba. Ba ma'aikaciyar gidan waya ba ce, amma kiyasin a bayyane yake, illar ɗaya ce: mutum ne da aikinsa ya tilasta masa taka hanyar da, in da don kansa ne, da ya zauna a gida. Ma'abota fiƙihu, a babin ijara, sun daɗe da bambanta ajirin da yake yi wa jama'a aiki a shagonsa da ajirin da mutum ɗaya ya mallaki lokacinsa. Mai raba wasiƙu irin na biyun ne, wanda ya mallaki lokacinsa kuwa shi ya zaɓa masa hanya da sa'a, saboda haka ba shi da bakin cewa abin da ya same shi a hanyar ba ruwansa.

Tufafin jiki kuwa mas'alarsu biyu ce, zafi da sinadari. Jiki yana huce kansa ne ta hanyar bushewar gumi, yadin da ya hana iska ratsawa kuwa ya toshe wannan ƙofa. Rigar ruwa mai arha takan tsare ruwan sama ta kuma tsare gumi, sai mutum ya jiƙe daga ciki. A watan Yuni na 2023 wani mai raba wasiƙu ɗan shekara 66 ya faɗi a bakin aiki a birnin Dallas cikin tsananin zafi, ya rasu, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka kuma ta ci gidan waya tara. Ba za a ɗora wa riga alhakin wannan ba, akwai batun hutu da ruwan sha da tsofaffin motocin gidan waya da aka ƙera tsakanin 1987 da 1994 ba na'urar sanyaya iska, amma riga tana cikin lissafin. Game da sinadari, Tarayyar Turai ta hana maganin fumfuna da ake kira DMF a 2009 bayan ya ƙona fatar masu sayen kujeru da takalma, tun 2015 kuma ta iyakance wani nau'in sinadarin jima, kuromiyom mai daraja shida, ga miligiram 3 a kowane kilo na fata, saboda ƙaiƙayi da kumburin da yake haddasawa. Ma'aikatan jirgin sama na Alaska Airlines sun yi kukan ƙuraje da shaƙewar numfashi bayan an sauya musu tufafi a 2011, binciken Jami'ar Harvard na 2018 kuma ya tabbatar da cewa koken ya ƙaru bayan sauyin. Wanda ya sayi riga a kasuwa ta dame shi sai ya jefar da ita. Wanda aka wajabta masa ita ba shi da wannan dama.

Hukuncina a kan al'amarin shi ne, kada a ba da kwangilar takalmi ko riga sai masu raba wasiƙu da kansu, maza da mata, sun sa su sun yi aiki da su cikin damina da sanyi da zafi, an kuma saurari shaidarsu tare da shaidar ɗakin gwaji. A riƙa sauya takalmi bisa ga cinyewar ƙasansa, ba bisa ga cikar shekara ba. Sabon ma'aikaci kuma a ba shi nasa tun ranar da ya fara fita. Duk gidan wayar da ya tilasta wa mutum sa wani kaya, to, amanar abin da kayan zai yi wa jikinsa tana wuyansa.