Alƙalanci Tsakanin Rediyoyin Wayar Hannu

Wayar hannu takan ƙunshi rediyoyi da dama. Biyu daga cikinsu, watau Wi-Fi da Bluetooth, zango guda suke amfani da shi, na gigahaz 2.4, in suka aika tare, sai saƙo ya lalace. Bluetooth yakan sauya tasha sau 1,600 a daƙiƙa, tsakanin tashoshi 79, kuma tun 2003 yake kauce wa masu cunkoso. Amma rediyo bai san bukatar mai waya ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da wayar ita ta sani. Saboda haka masu tsara ta sukan tanadi hanyar da za ta sanar da rediyoyin wanda za a gabatar, domin wasiƙa tana iya jira, murya kuwa in ta jira, zance ya yanke.