Idan Totur Ya Maƙale Mota Na Tsakiyar Gudu

A ranar 28 ga Agustan 2009, wata mota ƙirar Lexus ES 350 ta ƙwace wa direbanta a babbar hanya kusa da birnin San Diyego na Amurka. Direban ba ɗan koyo ba ne, jami'in 'yan sandan sintirin hanya ne na jihar Kalifoniya. Motar ta yi ta ƙara wuta har ta haura kilomita 160 a sa'a, ta bugi wata motar, ta faɗa kwari ta kama da wuta. Shi da matarsa da 'yarsu da surukinsa duk suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar tabarmar roba ta ƙarƙashin ƙafar direba ce ta danne totur, kuma tabarmar ta wata ƙirar mota ce daban aka shimfiɗa mata.

Wannan hatsari ya girgiza kamfanin Toyota, mai ƙera Lexus. A ƙarshen 2009 ya kira miliyoyin motoci gyara saboda tabarma, a Janairun 2010 kuma ya sake kiran wasu miliyan 2.3 a Amurka domin matakin totur ɗinsu yana cijewa in ya sha aiki. A 2014 ya biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 kan ɓoye gaskiyar lamarin. Camry da Corolla na waɗancan shekarun suna cikin jerin, irinsu kuwa sun cika titunan Kano da Kaduna a matsayin tokumbo.

A motar tsere abin ya fi muni, domin inji ne mai ƙarfi a jiki marar nauyi. Kafin direba ya gane abin da ke faruwa ta cinye tazarar da ke gabansa.

To me zai yi? Ya taka birki da dukkan ƙarfinsa, ya riƙe, kada ya riƙa taka-saki. Abin da ke sauƙaƙa birki yana dogara da zuƙar iskar inji, zuƙar nan kuwa tana raguwa idan totur na buɗe, don haka taka-saki biyu ko uku na iya sa birkin ya sandare. Nan take ya tura giya firi, mai kuloci ya take shi. Inji zai yi kururuwa, amma motocin zamani suna da na'urar da ke hana shi wuce iyaka, kuma ko da zai buga, inji ana sayen wani. Sai ya gangara gefe ya tsaya, sannan ya kashe. Kashe mota tana gudu shi ne mataki na ƙarshe, saboda sitiyari zai yi nauyi, in kuma aka zare makulli yana iya kullewa. A motocin Toyota masu maɓalli na wancan lokaci, sai an danna an riƙe daƙiƙa uku kafin injin ya mutu.

Binciken dalilin cijewar kuma sai mota na kashe ake yinsa, daga abu mafi arha. A duba tabarma, musamman inda aka ɗora biyu saboda ƙura, da robar ruwan da ta gangara ƙarƙashin mataki. Sai a danna matakin da hannu a saki. Lafiyayye yana dawowa fit, ba ya jan jiki.

A tsofaffin motoci, irin su Mazda MX-5 na farko da ya fito a 1989, waya ce ke haɗa mataki da maƙogwaron inji, inda wani faifan ƙarfe ke buɗewa ya bar iska ta shiga. Bakanike na ƙwarai yakan cire wayar daga can, ya murɗa faifan da hannu. In ya koma da kansa, laifin na waya ne ko mataki. In ya cije, ko dai sifirin ya mutu, ko baƙin dattin mai da ƙura ya daskare a gefen faifan, sai a wanke da maganin da aka yi domin haka. Wayar da silinta ya fara warwarewa canza ta ake yi. Ɗura mata baƙin mai, kamar yadda wasu gareji ke yi, kiran ƙura ne kawai, bayan 'yan makonni ta fi da cijewa. Kada kuma a ɗaure ta tamau, tana buƙatar ɗan sassauci.

Akwai dalilin da ba a cika tunawa da shi ba: robar da inji ke zaune a kai. In ta tsinke, inji yakan ɗaga ya ja totur da kansa. Wannan ne ya sa General Motors ya kira Chevrolet kusan miliyan 6.7 gyara a 1971.

Sababbin motoci ba su da waya, kwamfuta ce ke buɗe faifan da ƙaramin injin lantarki. Tura shi da yatsa da ƙarfi na iya lalata haƙoransa, kuma bayan wanki wasu motocin sai an sake saita su da na'ura. Wannan aikin mai kwamfutar duba mota ne.

Duk motar da totur ɗinta ya taɓa cijewa ko sau ɗaya, a ja ta zuwa gareji, kada a tuƙa ta.