Shirin Musamman: Sawun Jama'ar Maiduguri

Yau za mu fara shirin ne daga tashar mota.

Duk wanda ya yi sammako zuwa Tashar Kano ko Muna Gareji a Maiduguri, ya ji 'yan kamasho suna kiran Damaturu, Potiskum, Dikwa, Gamboru, to ya ji taswirar garin da kunnensa. Taswirar da ke rataye a ofis tana tsayawa a iyakar Najeriya. Ta bakin 'yan kamasho kuwa tana wucewa Fotokol da Kusiri har Njamena, ta ɓulla Banki ta shiga Kamaru, ta bi Damasak ta haye kogi zuwa Diffa a Nijar. Abin da masu nazarin birane suke ƙoƙarin yi ke nan da alƙaluma: su bar ƙidayar waɗanda suka kwana a gari, su ƙirga masu shiga da fita, daga ina, zuwa ina.

Garin kansa ƙaura ce ta haife shi. A 1907 aka kafa shi, Shehun Borno ya tare a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, bayan an bar Kukawa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, ya ɗaure shi da Gombe da Bauchi da Jos. Kifin Baga da shanun Chadi suka riƙa sauka a nan kafin su nausa kudu.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya, a 2006 aka yi ta, tun kafin rikicin Boko Haram ya watsa ƙauyuka. Giɓin da ta bari, Hukumar Ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, ta shiga cikewa daga 2014, tare da hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA. Ma'aikatanta suna bin unguwa-unguwa, suna zama da bulamai da lawanai, suna tambayar baƙi nawa suka sauka, daga wace ƙaramar hukuma, yaushe. Ƙididdigarsu ta masu gudun hijira ta haura mutum miliyan biyu a arewa maso gabas. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne inda mutanen suke. Mu 'yan jarida mun fi son kai na'urarmu sansani irin na Bakassi, don a can hoto yake. Alƙaluman kuwa sun nuna mafi yawan masu gudun hijira a cikin gari suke, a soron ɗan uwa, a ɗakin haya, a gidan tsohon abokin ciniki.

Ku duba kuma waɗanda suka ƙetare iyaka. Mutanen Damasak da Malam Fatori suka nufi Diffa da Bosso. Na Gamboru suka haye gada zuwa Fotokol. Na Baga, bayan harin Janairun 2015, da yawa suka shiga kwalekwale zuwa Chadi. Hanyar da aka saba kai barkono da kifi da amarya, ita aka bi ranar tsoro. Mai gudu ba ya faɗawa duhu, ƙofar da ya taɓa yin sallama a cikinta yake nema.

An ga irin haka a Haiti bayan girgizar ƙasa ta 2010. Masu bincike sun bi sawun layukan waya kusan miliyan biyu ba tare da sunayen masu su ba, suka tarar waɗanda suka bar babban birnin sun fi komawa inda suka yi bikin Kirsimeti da sabuwar shekara. A wurinmu sai a ce, inda ka yi sallah nan za ka gudu.

Sai dai waya ba ta ganin kowa. A Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an rufe layukan waya a Borno tsawon makonni, lokacin da jama'a ke tsananin motsi. Tsohuwar da ba ta da waya, da almajiri, da masunci a tsibirin da babu sabis, duk ba sa cikin irin wannan lissafi. Ga kuma tsoron kada bayanin inda mutum ya kwana ya faɗa hannun da bai dace ba. Shi ya sa, a ganina, littafin bulama da rajistar tasha ba su tashi aiki ba tukuna.

Lissafin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Gwamna Babagana Zulum ya rufe sansanin Bakassi a ƙarshen 2021, aka mayar da mutane garuruwansu. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, mutanen da suka saukar da baƙi shekara goma su ma suka ɗauki tabarma suna neman wurin kwana.

Kira ga masu tsara asibiti da makaranta da famfo a Maiduguri: kafin ku aza tubali, ku je tasha ku tambayi motar ina ce ta fi cika.