Bututun Ƙarfe: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya ratsa titin France Road a Sabon Gari, ko ya leƙa rumfunan masu walda a Fagge, zai ga bututun ƙarfe jibge. A ido duk ɗaya suke, amma kowane da aikinsa. Wanda ya dace da ƙyauren gida ba lallai ya iya ɗaukar tankin ruwa ba, balle iskar gas.

Mu fara da abin da ke cikin ƙarfen. Ana haɗa shi da sinadarin kabon ɗan kaɗan, galibi bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Idan kabon ya yi yawa ƙarfen zai ƙara tauri, sai dai zai yi wuyar walda, kuma yana iya tsagewa.

Sai kauri. Mu ɗauki bututu mai inci 2: idan an rubuta SCH 40 a jikinsa, kaurin bangonsa milimita 3.91 ne, idan kuma SCH 80 ne, milimita 5.54. Faɗinsu daga waje ɗaya ne. Lita 1,000 ta ruwa kuwa nauyin kilo 1,000 ce, don haka wanda ya ɗora tanki a kan siririn bututu saboda araha ya jefa mutanen gida cikin haɗari.

Akwai kuma lambobin da ke nuna aji. A53 na ayyukan yau da kullum ne, irin su jan ruwa da iska. A106 ba shi da ɗinki, an yi shi ne don jure zafi mai tsanani a masana'antu. API 5L kuwa na jigilar mai da gas ne, aiki irin na bututun AKK mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020 don kawo gas Kano daga Ajaokuta ta Kaduna.

Bututun da aka lulluɓe da tutiya yana jure tsatsa, amma hayaƙinsa lokacin walda yana sa zazzaɓi, shi ya sa ake aikinsa a sarari.

Da yawa daga cikinmu muna zuwa koyon sana'a bayan an tashi daga makaranta. Idan maigida ya aike mu sayen bututu, mu tambaye shi aikin da za a yi da shi, mu karanta rubutun jikinsa, mu sa a auna mana kaurinsa kafin mu biya kuɗi.