Ma'anar Mutuwar Jariri Wajen Bibiyar Rigakafin Masu Ciki: Nazari Daga Hausar Agege

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana yi wa masu juna biyu allurar rigakafin tetanus a Nijeriya. Don tabbatar da cewa rigakafi ba ya cutarwa, wajibi ne a ƙidaya jariran da suka rasu bayansa, a kwatanta da adadin da aka saba gani. Wannan maƙala za ta nuna cewa ƙidayar ta dogara ne ga kalmomin da aka yi tambaya da su, musamman a Zangon Agege, inda sau da yawa tafinta ke tsakanin mai jego da ma'aikacin lafiya.

2.0 Ma'anar Masana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutuwar jariri sabon haihuwa ita ce rasuwar wanda aka haifa da rai cikin kwana 28 na farko. Alamar rai kuwa ta haɗa da numfashi da bugun zuciya da harbawar cibiya da motsin gaɓa. A shekarar 2016 ƙungiyar Brighton ta wallafa ma'anar da masu bibiyar rigakafi za su bi, tare da matakan tabbaci.

3.0 Ma'aunin Bahaushe

Bahaushe kan sakaya mutuwa. "Ya koma" na nufin an haife shi da rai, "bai zo da rai ba" kuwa akasin haka. Sai dai ma'aunin da aka saba shi ne kuka, wanda a fiƙihun Malikiyya ake dubawa wajen sallar jana'iza da gado. Saboda haka jaririn da ya motsa bai yi kuka ba, musamman bakwaini, ana iya lissafa shi cikin waɗanda ba su zo da rai ba, ya ɓace daga ƙidaya.

Ta fuskar lokaci, ranar suna ta dace da iyakar da masana suka sa tsakanin mutuwar makon farko da ta bayansa. Amma arba'in ta zarce kwana 28 da kwana 12.

4.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, tambayar "ya yi kuka?" ba ta wadatar ba. Ya kamata a ƙara da "ya motsa?" da "ya yi numfashi?" da "kwana nawa bayan suna?" Daidaita waɗannan tambayoyi aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe.